Tulun gilashin Hajiya Rabi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina shan kunu, Saude ta kira ni daga Mayahi ta ce uwarta Hajiya Rabi ta rasu.

Ƙawata tun muna ƴan mata a Tasawa.

Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa: kafin hawaye ya zo mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, wa zai gaji tulun? Allah Ya yafe mini.

Shekarar da aka samu mulkin kai, ni da Rabi muna yi wa matar wani Bature mai awon gyaɗa wanki. Da za su koma ƙasarsu, madam ta ɗauko wasu tuluna biyu na gilashi, na zuba furanni, iri ɗaya sak, ta ba kowa ɗaya. Kore ne, an zana masa fure da tsuntsu da wani launi mai tudu, kana shafawa ka ji shi a yatsa, ga ruwan zinari a baki. A gindi akwai sunan wanda ya yi shi can Faransa.

Da bikina ya matso za a yi mini jere, na ce nawa sai ya fi komai ƙyalli a ɗakin. Na ɗebo toka da rairayi na dirje shi kamar yadda muke dirje tasa. Gefe ɗaya kawai na yi, na ɗauraye, sai na ga zinarin ya tafi, gilashin ya yi hazo, duk ya kakkarce. Na yi kuka, na kai shi juji bayan gida. Ban gaya wa kowa ba.

Ita kuwa Rabi, bayan bikina aka kai ta ɗakin miji a Mayahi da nata, ta kafa shi a tsakiyar jere.

Daga nan ta kamu da son kayan gilashi. Kuɗin man gyaɗa da ƙuliƙulin da take yi, maimakon ta sayi zanne, sai ta bi kukun Turawa da masu gadinsu har Maraɗi tana tambaya ko an bar musu wani abin gilashi. Mutane suna mata dariya. Ta tara fiye da goma a kabad: kofuna, da kwalaben turare, da wata ƴar tasa shuɗiya.

Ni na yi lakwal, karatun boko, har na koyar shekara talatin. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma ta san hannun kowane mai zane. Sai ta ce, "Wanga da wancan mutum guda ya yi su, dubi yadda yake lanƙwasa ganye." In na duba sunan a gindi, haka ne. Abin yana ƙona mini rai, wallahi.

Na koren nan ne kawai ba ta taɓa miƙo mini in karanta ba.

Kuma mutuniyar kirki ce, shi ya ƙara ba ni haushi. Da na haifi ɗan fari, kwana arba'in ta yi a gidana tana dafa mini ruwan wanka. Ko sau ɗaya ban je gidanta na dawo hannu wofi ba. Amma ban taɓa yabon kabad ɗin ba. Sai in ce tarkacen Nasara ne, alhali ina komawa gida ina tunaninsa kwana uku.

Ganinmu na ƙarshe bayan Sallar layya ne. Tana kwance, ta rame. Ta kama ni ina satar kallo, ta yi dariya.

"Ƙawa, ni kika zo gani ko tulu? Tashi ki ɗauko shi, ki juya shi."

Na ce, "Mi zan yi da shi? Ni na wuce wasan yara."

Ta ce, "To, shi ke nan. Taurin kanki na nan."

Ban tashi ba.

Yau bayan an kai ta makwancinta, Saude ta sake kira. Ta ce, "Inna, Hajiya ta bar saƙo. Ta ce a ba ki koren, kuma a ce miki ki juya shi." Na ce ta juya ta turo mini foto a waya.

Bayansa duk hazo, a kakkarce, babu zinari.

Aikin hannuna ne.

Saude ta ba ni labarin yadda ta ji daga bakin uwarta. Ashe tulun Rabi ya faɗo daga kan jaki ya tarwatse tun a hanya, ranar da aka kai ta ɗakin miji. Wannan ta tsince shi ne a jujinmu lokacin bikina, ta ɓoye mini saboda ta ga ina jin kunya. Shi ta kafa a jere, ta mayar da gefen da na ɓata ga bango. Shekara sittin da wani abu ina yi mata hassada a kan abin da na zubar da hannuna.

Har yanzu ina kishinta. Ta fi ni ido, ta fi ni riƙon sirri, kuma ta tafi ban ce mata ko sau ɗaya kayanta suna da kyau ba.

Suna da kyau, Rabi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba su Saude haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. In ya gama ya saka ni, Allah Ya wanke mini zuciya kafin in je in same ta.