Furar da Na Dama wa Ilu

Shekara talatin da takwas ke nan da muka ɗauko gawar ƙanena Iliyasu daga tashar Tasawa a amalanken jaki. Ilu muke ce masa. Har yau a ƙauyenmu na ƙasar Maijirgi, in uwa za ta tsawata wa ɗanta sai ta ce, "Kada ka zama Ilu." Shekara da shekaru ina ji ina wucewa.

Zamanin soji ne, shekarar da fari ya cinye shuka sau biyu. Ta uku ta kama, amma ciyawa ta taso tare da ita, samari kuma duk sun tsere kudu neman abinci. Na kira gayya a gonar gidanmu, mutum bakwai suka zo, kowa ciki a lafe. Abin da zan ba su fura ce tsararo ta jar dawar taimako. Ranar kasuwa wani mai tebur ya nuna mini ƙwaya, ya ce mai shan ta ba ya jin yunwa, ba ya jin rana. Na saya, na daka, na zuba a ƙwaryar furar. Ban gaya wa kowa ba.

Ilu yana da shekara goma sha tara, ko goro ba ya ci. Ran nan ya yi noman mutum uku, makaɗi ya bar kowa ya bi shi da ganga. Da la'asar ya zo yana dariya, idanunsa jajur.

"Yaya, mi ka sa a furar ga? Ji nake kamar in nome gonar maƙwabta."

Na ce, "Albarka ce."

Bai daɗe ba ya gano sunan albarkar da inda ake sayar da ita. Masu gona suka riƙa rububinsa, ni kuma ina taƙama da ƙanena. Daga ta aiki ya koma ta barci, daga nan sai sholisho a bayan tasha. Cikin shekara uku ya zama abin nuni. Na taɓa marinsa a tsakiyar kasuwa, na ce ya zubar mana da mutunci. Bai rama ba, ya dai dube ni. Ya san wanda ya dama furar, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa.

Bayan jana'iza Inna ta tambaye ni wa ya koya wa ɗanta. Na ce 'yan tasha ne. Ta rasu tana yi musu Allah ya isa.

Yau ƙwaya ta fi ta zamaninmu yawa, 'yan kabu-kabu da masu dako suna watsa ta a shayi a bainar jama'a. Da Ilu zai gani, ina jin ba yaran zai fara duba ba. Zai tambayi wanda ke jin daɗin ƙarfinsu da safe, ya zage su da yamma.

Ya bar 'ya guda, Hadiza, tana goye ya rasu. Watan jiya ta yi jika namiji, ta so a sa masa Iliyasu, dangin mijinta suka ce ba a gadon sunan ɗan ƙwaya. Ta zo ta durƙusa gabana.

"Baba, kai ka san shi. Haka ubana yake tun asali?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na gaya mata duka, har ƙwaryar. Da na gama ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Ran suna ka faɗa gaban maza."

Na faɗa. Na miƙe gaban liman da dattawa, da furfurata, na ce Ilu bai nemi ƙwaya ba, wansa ya zuba masa don gero ya tsira. Wasu suka sunkuyar da kai, domin biyu daga cikinsu sun sha furar nan. Liman ya raɗa wa yaro Iliyasu.

Ba gona Ilu ya bari ba, ba rumbu ba. Ya bar 'ya mai neman gaskiya, da sirrin da ya rufa mini alhali ni na tona nasa a kasuwa. Hadiza tana aiko mini da tuwo kamar da, amma ba ta tako gidana ba tun ranar. Ban ga laifinta ba. Allah ya jiƙan Ilu. Wanda zai ja kunnen ɗansa a ƙauyenmu, ga sunana, Hamisu, ya bar na ƙanena ya huta.