Ruwan Kwatami da Sunan Wasu

Daga Zariya na zo Doha da digirina na uku a ilimin ƙwayoyin cuta, na samu aiki a wani ɗakin bincike. A unguwar Al-Sadd muke haya, ni da maigidana da yara. Da korona ta ɓarke, majinar hanci muke gwadawa. Da gasar kofin duniya ta matso, shugaban sashenmu, wani farfesa, ya tara mu ya ce ba za a iya zura wa kowane baƙo tsinke a hanci ba. A koma ruwan kwatami, tunda duk abin da jiki ya fitar can yake zuwa, har da ɓurɓushin cutar.

Kowa ya sunkuyar da kai. Ni farfesa ya nuna.

Ban ƙi ba, don aikin ya ba ni sha'awa. Sai dai da farko injin gwaji ba ya ganin komai. Zafin garin yana lalata ƙwayar kafin mu iso da ita, sabulu da dattin da ke ruwan kuma suna dagula gwajin. Na yi watanni ina tacewa, ina sirkawa, ina zubarwa, ina sakewa. Ko na yi wanka a wurin aiki, ƙaramar 'yata takan toshe hanci ta ce, "Umma, kin dawo da warin nan." A ƙarshe na dace: a sa ruwan cikin ƙanƙara tun a bakin ramin kwatami, a tace shi sau biyu. Daga nan muka fara karanta tsarin halittar cutar, har muna gane sabon nau'i kafin marasa lafiya su kai asibiti.

Lokacin gasar, jama'a na tururuwa zuwa filin wasa da tutoci, ni ina bayan gini da safar hannu da bokiti. Maigidana ya kai yara kasuwar Souq Waqif kallon 'yan Maroko suna rawa. A wayarsa na gani.

Bayan an watse, farfesa ya rubuta binciken ya aika mujalla. Da ya fito, na ga sunansa, na ga na wasu mutum biyu da ko ƙofar ɗakin tacewa ba su taɓa turawa ba. Ni kuwa an gode mini can ƙasa, wai na taimaka da ɗebo ruwa.

Na shiga ofishinsa ban ƙwanƙwasa ba.

"Farfesa, wa ya gano hanyar tacewar nan?"

"Aikin sashe ne, Dokta, na kowa ne."

"To ni ba 'yar sashen ba ce?"

Ya cire tabarau ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ya riga ya fito. Kuma ki tuna, mu ne kafil ɗinki."

Wato zamana a ƙasar a hannunsu yake. Na juya na fita.

Maigidana ya ce, "Ki bar wa Allah."

Na ce, "Na bar masa, amma wurin nan ma sai na bar shi."

Na jure har kwantiragina ya ƙare, na koma wani ɗakin binciken. Bara wata ɗaliba ta tambaye ni ko na san hanyar tacewar farfesan nan, wai ta gwada ta ƙi yi mata. Na zaunar da ita na nuna mata, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.