Tsagar da ke Wuyan Keken Cinto

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, matarka Roser ta kira ni a waya. Ba ta ko gaishe ni ba, ta ce, "Isidre, maigidanka ya tafi." Haka na samu labarin rasuwarka, Cinto Rovira, mai gyaran kekunan hawan dutse na unguwarmu a Manresa. Tun ranar nake fara wannan rubutu ina gogewa, don ban tabbata ni ne na dace in yi shi ba.

A rumfarka na fara ganin keken da ba shi da sirdi. Da na tambaya, sai ka ce, "Mai son zama ya je gidan tsohuwarsa. Wannan na tsalle ne." Ka koya mana mu karce garen keke da injin gugar ƙarfe don birki ya kama, mu ɗan shafa masa kwalta, kada mai ya kusance shi ko da ɗigo. Idan birkin mutum ya yi kuka a kan dutse, kai murna kake yi. Ranar Asabar kana gyara kekunanmu kana cin burodi da tumatir, hannunka baƙi ƙirin, wanda ya yi maganar lada kuma ka kore shi.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi, fenti. Kafin ka fesa wa keke launi sai ka kankare shi har ƙarfe ya fito, ka bi kowace walda da farce. Kana cewa, "Fenti munafuki ne, duk abin da ka ba shi zai ɓoye maka." Ni kuwa da na auna abu sai in sake aunawa, shi ya sa ka sa mini suna Malam Shakka.

A kan fentin nan aka raba ka da ƙungiyar 'yan keke da ka kafa. Fermí, abokinka na ƙuruciya, ya zama shugaba, ya ce kana ɓata wa mutane lokaci, masu kallo sheƙi suke so. Suka karɓe makullin rumfar ƙungiyar da ke bakin ramin dutsen da muke atisaye. Shekarun da ka yi a kwance kana jinya, ban ga ɗayansu a ƙofarka ba.

Da ka rasu sai ga su da furanni. Suka roƙi Roser tsohon kekenka, wanda ka rataye tun da ya tsage a wuya, inda hannun keken ke haɗuwa da jikinsa. Suka fesa masa ja mai ƙyalli a kan tsohon fentin, ba kankara, ba dubawa. Suka kuma sanar cewa ranar Lahadi 'yarka Neus za ta diro da shi daga babban dutse don girmama ka. Neus ba ta san da tsagar ba, tana karatu a wani gari lokacin.

Na kwana biyu ina gardama da kaina. Ko ka yi masa walda ban sani ba? Ko wani keken nake tunawa? Idan na ɓata fentin a gaban jama'a ban samu komai ba fa? Idan kuma na yi shiru wuyan ya ɓalle tana sama?

Ranar Lahadi Neus ta riga ta sa hular kwano. Na kutsa cikin mutane na riƙe keken, na fito da samfefa, takardar gugar fenti, daga aljihu.

Fermí ya ce, "Kai Isidre, ka zautu ne? Ranar makoki ka zaɓa?"

Neus ta ce, "Kawu, lafiya?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, 'yata."

Na goge wuyan keken. Ja ya tafi, tsohon shuɗinka ya tafi, ƙarfe ya fito. Ga tsagar nan, siririya kamar gashi, ta zagaye rabin wuyan. Neus ta bi ta da farce, yadda kake yi, sannan ta cire hular.

Ka san abin da Fermí ya ce? "Ai da ka bari sai bayan hoto."

Wannan ce girmamawar da suka tanadar maka, Cinto. Har yau wasunsu ba sa amsa gaisuwata, wai na ɓata taro. Ban damu ba, ko kuma na damu kaɗan, ka san halina.

Keken yana falon Roser yanzu. Na ce bari in kankare shi duka in mayar masa da shuɗinsa. Ta ce, "A'a. Bar jan nan nasu, ka bar wurin da ka goge. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ga biyun."

Allah ya jiƙanka, maigida, ya yafe maka zafin bakinka, ya ba ka hutun da ba su ba ka ba. Roser, Neus, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare ku daga masu gaisuwar hoto.

Isidre Camprubí, Manresa