Ɗanyen Barkono a Ƙwaryar Kaka

Ranar wata Talata da hantsi, a ƙarshen daminar shekarar da na gama aji huɗu, jirgin sama ya sauko ƙasa-ƙasa a kan gonakin ƙauyenmu da ke kusa da Tabla. Fara ce ta faɗa wa hatsi yana cikin ƙosawa, sai aka turo jirgin feshi. Ni kuwa ina bayan gida, cikin ɗan lambun kakata, riƙe da ƙwarya, ta sa ni tsinkar barkono. Rugugi muka fara ji, awaki suka tsinke igiya, kaji suka watse, mata suka bar taɓarya cikin turmi. Ya wuce ta saman gawon ƙofar gidanmu, kusa ƙwarai, har na hango kan mutumin da ke ciki. Har yau ina iya rantsewa ya ɗaga mini hannu, ko da yake ƙanena Sani ya dage cewa shi aka ɗaga wa.

Da jirgin ya ɓace na cika ƙwaryar na kai wa Kaka. Ta zube barkonon a faifai, ta shiga ware shi da yatsa ɗaya, sai ga kusan rabi ɗanye. Ta dube ni ta ce, "Kai dai hannunka na ƙasa, idonka na bisa. Wanga ɗanyen wa zai ci shi?" Ba ranar na fara ba. Ko magarya muka je kaɗa, aljihuna ne ke cika da marar nuna, yara su yi ta yi mini dariya. Amma daga ranar jirgi sai gidanmu ya samu bayani. Duk lokacin da na kawo ɗanye, a ce ai ɗan jirgi ne, hankalinsa na sama. Ni ma na yarda, har ina jin daɗin sunan.

Wasanni suka fita daga kaina. Tsarana suna langa da ƙwallon tsumma a filin lakkwal, wato makarantarmu ta boko, ni ina gindin bango ina fere karan hatsi, ina haɗa fukafukai da ƙaya. In an tura ni tsaron tsuntsaye, na fi kallon yadda shirwa ke juyawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba. In aka ba ni jaki zuwa rijiya, sai na riƙe kunnuwansa ina tuƙi, ya gaji ya watsar da ni. Malaminmu ya ga lissafi na shiga kaina, ya zo har gida ya gaya wa Baba cewa in aka bar ni, zan yi nisa.

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma ƙafarsa ɗaya ta riga ta fara ba shi wahala. Gona tana neman hannu biyu, gida kuwa mu biyu ne maza. Shekarar da na samu shiga kwaleji a Filinge, ya kira mu bayan sallar la'asar, ya ce, "Kai tahi ka yi karatunka. Sani shi riƙe hauya." Sani yana aji biyar a lokacin, kuma rubutunsa ya fi nawa kyau. Ya ɗauko jakar littattafansa ya juye abin da ke ciki, ya miƙo mini ita, don tawa ta yage. Na karɓa ban ji nauyi ba, abin da har yanzu nake jin kunyarsa.

Shekara bakwai ina karatu da jirgi a raina, Sani yana aiko mini da hatsi a motar kasuwa. Da na gama, na zauna jarrabawar da ake zaɓen waɗanda za a tura koyon tuƙin jirgi, na ci. Saura duban likita kawai a Yamai. Zuciya lafiya, kunne lafiya, ƙananan haruffan da ke bango ma na karanta su tsaf. Sai likitan ya buɗe wani ɗan littafi mai ɗige-ɗige, ya ce in faɗi lambar da ke ciki. Ban ga lamba ba. Ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan ya rufe a hankali ya ce, "Ɗana, ba a taɓa gaya maka ba ka bambanta ja da kore ba? Haka aka haife ka, kuma ba shi da magani. Matuƙi kuwa da fitilu masu waɗannan launuka yake sauka." Ban tuna jirgi ba a wannan lokaci. Faifan Kaka na tuna, da yatsanta yana ware ɗanye. Amsar tana cikin ƙwaryar nan tun ina ɗan shekara goma, ba wanda ya san yadda zai karanta ta.

Na zama malamin lissafi a Filinge, kuma ban raina abin da Allah ya ba ni ba. Wani abokina da muka zauna jarrabawar tare ya wuce, yana tuƙi har yau. Ya gina wa iyayensa gida, ya ga ƙasashen da ni sai a taswira. Amma rasuwar mahaifiyarsa ta same shi a sama, bai iso ba sai bayan sadakar uku. Ban ce aikin ba shi da daraja ba. Na dai san ba matuƙi kaɗai ke ɗaukar nauyinsa ba, akwai waɗanda ake bari a ƙasa.

Bana ƴata Ramatu, wadda ke ajin ƙarshe, ta ce ita ma jirgi take so. Tsorona kada ta gado idona. Da hutu ya zo na kai ta ƙauye, na ba ta ƙwarya, na nuna mata lambun Kaka, wanda Sani ke nomawa tun bayan rasuwarta. Ta ciko ta kawo mini. Na duba, ni a wurina duk ɗaya ne, dole na miƙa wa Sani. Ya juya barkonon da yatsunsa da hauya ta faffasa, ya daɗe yana dubawa.

"Duk sun nuna, babu ɗanye ko guda," in ji shi. "Yaya, bar ta ta tahi. Amma wanga karo kada a hidda kowa lakkwal sabili da ita."

Shekara talatin da wani abu, ranar ce ya fara taɓa maganar. Na ce masa na yi alkawari.

Yanzu jirgi ba ya saukowa kan gawon ƙofar gidanmu. Can ƙololuwa yake wucewa, ya bar farin layi, yara ma ba su cika ɗaga kai ba. Ni har gobe ina ɗagawa, amma in na sauke idona, gonar Sani nake fara dubawa.