Neman Bakin 'Yarmu daga Gumel zuwa Maigatari

Mun tashi daga Sule Tankarkar ranar Alhamis bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da 'yarmu ta fari. Shekararta biyar, har yau ba ta taɓa cewa Baba ba. Ba kurma ba ce, don ina ɗora ƙafa a kan keken ɗinkina sai ta toshe kunnuwa ta ruga ɗaki. Ba ta kallon idon mutum, ba ta shiga cikin yara. Mahaifina ya riga ya yanke magana cewa aljanu ne, za a kai ta wurin wani mai magani a ƙauye wanda ke sa wa marasa lafiya mari yana yi musu hayaƙi. Na taɓa ganin ƙafar wani da ya dawo daga can. Shi ya sa da na ji labarin wata nas a Gumel da ta san irin waɗannan yara, na roƙi tsoho ya bar ni in gwada tukuna.

Motar da muka samu tsohuwar a-kori-kura ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Hanya duk rairayi, sau biyu maza muka sauka muka tura, amma da direba ya zo karɓar kuɗi bai rage mana ladan turin ba. Har yanzu da sule yake lissafi, ya ce kwabon zamani rikita shi yake yi. Gefen hanya ƙasusuwan shanun da farin nan ya kashe ne, jefi-jefi. Ita kuwa yarinya tun da aka tada injin take ƙara tana buga ƙeyarta a ƙirjin uwar. Wata tsohuwa ta janye jikanta tana tofi.

A Gumel muka karya da ƙosai da koko a bakin tasha, yarinyar ta ƙi ci. Da muka isa asibiti aka ce nas ɗin ta bi masu allurar rigakafi Maigatari, tunda ranar kasuwa ce. Na san abin da hayaniya ke yi wa 'yata. Amma komawa gida hannu rabbana na nufin mari. Muka hau wata motar.

Wanda bai ga kasuwar Maigatari ba bai ga taro ba. Raƙuma, shanu, buhunan kanwa da dabino, Buzaye da rawunansu, mutanen Damagaram suna ciniki da Hausarsu mai daɗin ji. Ina riƙe da hannun 'yata ina tambayar inda ake allura, sai wata babbar mota ta danna ham a bayanmu. Ta fizge. Kafin in juya, garken shanu ya ratsa tsakaninmu. Da suka wuce, babu ita.

Na sha jin tsoro a rayuwata, amma ban san irin wannan ba. Mutane suna ta cewa, "Malam, kira sunanta mana." Yaya zan gaya musu cewa ko tana bayan ƙafata ba za ta amsa ba? Ba ta san sunan garinmu ba, ba ta san gudun mota ba, ga motoci suna loda za su tsallaka iyaka. Uwar ta bi layin masu tukwane tana kuka. Ni na nufi rijiyar da ake shayar da dabbobi, na leƙa. Sai da na ga ruwan a kwance sannan na iya numfashi. Na bi ƙarƙashin motoci, na bi turken raƙuma, har aka kira azahar ban ko ji ba.

A rumfar masu hatsi na gan ta, a lungun buhuna. Ta tsugunna gaban wani buhun gero da aka buɗe, ta nutsa hannuwanta har gwiwar hannu, tana ɗebowa tana bari ya zuba ta tsakanin yatsunta. Ba kuka, ba buga kai. Mai geron, wani dattijo, ya ce, "Taka ce? Na yi mata magana ba ta kula ni ba, na ga ba ɓarna take ba, na ƙyale ta." Na durƙusa kusa da ita.

Mun sami nas ɗin a gindin wata bishiya bayan ta sallami jama'a. Mace ce mai dattaku. Ba ta taɓa yarinyar ba, gefe ta zauna tana kallonta, ta sa na maimaita labarin geron.

"Ba hauka ba ne," in ji ta. "Kunnenta da fatarta suna jin abu fiye da namu. Ta inda jikinta ya sami natsuwa, ta nan za ku shiga."

Ta ce mu riƙa zuba mata gero a ƙwarya, wata rana ruwa, wata rana jiƙaƙƙen yashi, mu zauna mu sa namu hannun muna faɗin sunan abin, kalma ɗaya kawai. In ta firgita a naɗe ta da zane a rungume ta sosai. A yi mata lilo, a tsaya, a jira ta nemi ƙari ko da ido ne.

Maiɗakina ta tambaya, "Baiwar Allah, za ta yi magana?"

"Ban sani ba. Wasu suna yi, wasu ba sa yi. Amma mari ba zai buɗe mata baki ba."

Muka dawo ta Gumel muka wuce Gagarawa gidan surukaina, aka tarbe mu da tuwon dawa da miyar kuka. Da safe muka gwada. Ta daɗe ita kaɗai a kan ƙwaryar. Can wata 'yar ƙanen uwarta ta matso ta sa hannu a ciki. Na yunƙura zan janye 'yar mutane, don na san abin da ke biyo baya in wani yaro ya matso kusa da 'yata. Yarinyata ta dubi hannun, ta ɗebo gero ta zuba a kai. Ta sake. Uwar ta juya fuska bango.

Mun iso gida ranar Asabar da la'asar. Mahaifina yana zaure, ya tambaya ko ta yi magana. Na ce a'a, na ba shi labarin duk abin da ya faru. Ya ce ya ba ni zuwa kaka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk shekarun nan bakinta kawai nake kallo, ban taɓa duba abin da hannunta ke nema ba. Tsoron bai bar ni ba, kullum na ga gero yana tasowa a gona sai in tuna wa'adin tsoho. Amma na riga na gaya wa maiɗakina, ko ta yi magana ko ba ta yi ba, in kaka ta zo ni zan tsaya a bakin ƙofa, ba mai fita da ita zuwa wurin mai magani.