Asalin Matar Yayana

Hajiyarmu ta sauka a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da niyyar saro kaya a kasuwar Shisanhang, amma duk mun san jikarta ta zo gani. Yayana, mai saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu, ya auri wata Baturiya daga arewacin Turai, har sun haifi 'ya mace. Ni kuwa a lokacin ina karatun ilimin ƙwayoyin halitta a wata jami'a a garin, kuma bakina bai iya shiru ba.

A gidansu na unguwar Panyu Hajiya ta zauna ta haɗe rai. Matar ta musulunta, tana gaisuwa a durƙushe, har miyar kuka ta koya, amma Hajiya ko hannu ba ta miƙa wa jaririyar ba. Da aka matsa mata, sai ta ce a gidanmu ba a aure sai an binciki asali, ita kuma wannan da aka tambaye ta, daga kakarta lissafi ya tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba.

Na ce wa Hajiya in asali take nema, zan kawo mata. Na sa matar ta tofa yawu a 'yar kwalba don gwajin ƙwayoyin gado, ƙaninta ma ya yi nasa gwajin can a ƙasarsu. Yayana ya ce zan ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ban kula shi ba.

Sakamakon bai fito ba sai da Hajiya ta sake dawowa sari. Na zaunar da ita na yi mata bayani: akwai alamar da uwa kaɗai ke bai wa 'ya'yanta, akwai wadda uba ke bai wa ɗansa namiji. Ta ɓangaren uwa da na uba, mutanen matar nan sun tuƙe ne ga maharba masu tsintar 'ya'yan itace, waɗanda suka zauna a Turai tun kafin a san noma a can.

Hajiya ta tambaye ni ko tata alamar tana jikin jaririyar. Na gaya mata gaskiya: jininta na nan, amma wannan alamar ta uwa ba ta bi ta ɗa namiji, ta Baturiyar ce yarinyar ta ɗauka.

Yayana ya harare ni. Ni ma na ɗauka na gama rusa komai.

"Wato kakanninta matan nan ba su taɓa yankewa ba," in ji Hajiya, "kowacce ta raini tata a cikin sanyi, babu ko rumbu?"

Na ce haka ne.

Ta kalli surukarta ta daɗe. Sai ta kwance mayafinta, ta juya baya ta sunkuya.

"Ɗora min ita. Yarinya mai iyaye haka ba a barin ta a keken tura jarirai."