Ɗumin Gwaggo Balki

Na ga saƙonninku tun watannin baya, ban amsa ba. Ku yafe ni, sai yanzu nake iya ba da labarin nan.

Cikina ya tsufa, ciwon baya ya sa ni gaba. A wurin awo a Kalgo aka ce min, "Ki riƙa gasa shi da ruwa mai ɗumi." Na faɗa wa Gwaggo Balki, ƙanwar babana, wadda ta zo daga Gwandu ta zauna da ni saboda na taɓa yin ɓari.

Ita ke yi wa matan gidanmu wankan jego. A wurinta, ruwan da bai sa mutum ƙara ba ruwan sanyi ne.

Ta cika babban baho, ta zuba ganyen darbejiya, ta zaunar da ni ciki, ta lulluɓe ni da zane. Na ce da zafi. Ta ce, "Wanga ai ɗumi na, ɗiyata. Daure, haka munka yi."

Na daure. Zufa ta karyo, jiri ya ɗebe ni. Ban farka ba sai a bayan mota, maigidana na kiran sunana.

Na ɗora hannu a cikina. Shiru. Abin da ke hana ni barci da shuri ya yi shiru.

A asibiti a Birnin Kebbi aka ce jinina ya sauka, aka sa min ƙarin ruwa. Likita na yawo da na'ura a kan cikina tana neman bugun zuciyar ɗan. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Gwaggo na bakin ƙofa tana tambayar duk wanda ya wuce, "Shina motsi?"

Can sai bugun ya fito. Na fashe da kuka.

Likita ta ce, "Idan jikin mai ciki ya ɗau zafi, ita da ɗan duka suna wahala." Aka kwantar da ni, kuɗin hoton ciki da magani sai da muka sayar da shinkafa.

Alhamdu lillahi, na haifi 'ya mace lafiya. Allah Ya saka wa ma'aikatan nan da alheri.

Masu ciki, kada ku jiƙa a ruwan zafi, kada ku lulluɓa. Ruwan ya zama kamar ɗumin jikinku, kuma da kun ji jiri ku fito. In aka ce ɗumi, ku tambaya wane iri.

Gwaggo ce ke yi wa jaririyar wanka yanzu. Kullum in ta sirka ruwa sai ta kira ni: "Taho ki taɓa. Ni ban yarda da hannuna ba."